KIWON DAMO A YOLA DA JIMETA: IRIN ƘASAR DA TA KAMATA A ZUBA MASA

Da zarar ruwan farko ya sauka a ƙasar Adamawa, wajen ƙarshen Afrilu ko cikin watan Mayu, sai damo ya fara fitowa daga maɓoyarsa, ya bazu cikin gonaki da saurukan da ke kewaye da Yola da Jimeta yana kiwo. A wannan lokaci ne mafarauta da yara masu yawo da karnuka suka fi kama shi. Wani a yanka a ci, wani a feɗe a kai wa dukawa fatar, wani kuwa, musamman idan ƙarami ne, a shigo da shi gari da ransa. Irin wannan ne yakan faɗa hannun mai sha'awar kiwon dabbobi, ko malamin kimiyya mai son ya nuna wa ɗalibansa, ko kuwa uban da ɗansa ya matsa masa da roƙo. Sai a zagaye wani lungu a bayan gida da bulo, a zuba yashi ko a dafe da siminti, a ajiye kaskon ruwa, a ce ai an yi wa damo gida.

Abin da kan biyo baya ba ya faruwa rana ɗaya. Kare idan ya ji ƙishirwa zai yi haushi, akuya idan rana ta dame ta za ta cika gida da kuka, amma damo kurum zai yi, ba banza Hausawa suka yi masa kirari da sarkin haƙuri ba. Zai ci abin da aka ba shi, ya kwanta inda aka ajiye shi, wata uku, wata shida, har shekara, sa'an nan wata safiya a tarar ya sandare. Mai gida ya ce kwanansa ne ya ƙare. Gaskiya ne, amma kowane ajali da sanadinsa, kuma sau da yawa sanadin wannan yana nan shimfiɗe ƙarƙashin cikinsa, watau ƙasar da aka zuba masa.

DAMO DA RAMINSA

Kafin a san ƙasar da ta dace da damo, sai an san abin da yake yi da ita. Damo, kamar sauran 'yan'uwansa ƙadangaru, jikinsa ba ya ƙera wa kansa ɗumi kamar na mutum ko na kaza, ba ya kuma yin gumi balle ya huce. Da safe yakan fito ya shanya kansa a rana har jikinsa ya ɗauki zafin da zai iya narkar da abinci. Idan rana ta take kuwa dole ya sami inda zai fake, domin mafi yawan ƙadangaru ba su daɗewa da rai idan zafin jikinsu ya kai wajen digiri 45. A Yola, cikin Maris da Afrilu, zafin iska a inuwa yakan haura digiri 40, saman yashin da rana ke duka kuwa yana iya wuce digiri 60. Amma idan aka haƙa ƙafa 2 cikin ƙasa, zafin da za a tarar kusan ɗaya yake dare da rana, sa'an nan ga laima. Wannan shi ne asirin ramin damo.

Laimar nan ma ta fi sanyin muhimmanci. Damo yana asarar ruwan jikinsa ta numfashi da ta fata, a hankali, ba tare da an gani ba. A cikin rami mai danshi asarar kaɗan ce ƙwarai. Wani masani ɗan ƙasar Senegal, Mamadou Cissé, ya bi diddigin rayuwar damo a ƙasarsu a shekarun 1970, ya nuna cewa da damina yake cin abincinsa ya tara kitse, da rani kuwa yakan yi watanni yana kwance ba ya ci. Mafarautan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin haka. Abin da ya sa yake iya wannan dogon azumi shi ne maɓoyar da ba ta bari ya bushe. Wani Baturen Ingila kuma, Daniel Bennett, wanda ya yi bincike a Ghana a shekarun 1990, ya tarar 'ya'yan damo sukan zauna ne cikin ramukan manyan gyare a gonaki, suna faɗaɗa ramin gwargwadon girmansu.

Har ila yau cikin ƙasa damo ke tono yawancin abincinsa, watau gyare da ƙadandoniya da buzuzu da katantanwa da kunama. Cikin ƙasa macen ke haƙa rami ta zuba ƙwai, wanda kan kai 20 ko 30 a tashi ɗaya, ya yi watanni a binne kafin ya ƙyanƙyashe. Macen da ta ɗauki ƙwai ta rasa wurin haƙa takan riƙe shi a ciki har ya zame mata ajali. Saboda haka wanda ya zaɓa wa damo ƙasa, a lokaci ɗaya ya zaɓa masa ɗakin kwana da randar ruwa da wurin haihuwa.

KUSKUREN DA AKA YI A ƘASASHEN TURAI

Ba mutanen Jimeta ne suka fara tuntuɓe a wannan hanya ba. A shekarun 1990 da farkon na 2000 an riƙa fitar da dubun-dubatar 'ya'yan damo kowace shekara daga Ghana da Togo da Binin zuwa Amurka da ƙasashen Turai, inda ake sayar da su a kantunan dabbobin ado. Masu saye da yawa sun ɗauka dabbar hamada ce, sai suka riƙa sa ta cikin akwatin gilashi, a kan busasshen yashi ko ɓawon katako ko ma tsohuwar jarida, su kunna mata fitila mai zafi, su ciyar da ita da ɓeraye. Mafi yawan dabbobin nan ba su yi tsawon rai ba. Da likitocin dabbobi suka riƙa buɗe gawarwakin, sai suka yi ta tarar da kitse ya cika ciki, ƙoda ta lalace. Farin abin nan mai kama da alli da ke fita tare da kashin ƙadangare, shi ne fitsarinsa; idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki sai ya daskare a ƙoda da gaɓoɓi, ya kumbura su. Bayan asara mai yawa ne masu kiwo suka gane cewa sai an zuba wa damo ƙasa mai zurfi, mai riƙe danshi, wadda zai haƙa rami a ciki ramin ya tsaya.

A ƙasar Hausa ma akwai abin da ke jawo irin wannan ruɗani. Malamai sukan fassara dabbar nan da Larabawa ke kira dabbu da sunan damo, alhali halittu biyu ne daban. Dabbu ɗan hamada ne, mai ƙayoyi a wutsiya, ganye da tsirrai yake ci, akwai irinsa a duwatsun Azbin na Jamhuriyar Nijar. Damon Adamawa kuwa ɗan dajin ciyawa ne, na ƙasar da ke samun ruwan sama wata biyar ko shida a shekara. Wanda ya yi wa na biyu shimfiɗar na farko ya cuce shi.

ƘASAR YOLA IRI-IRI CE

Mai neman ƙasa a Yola da Jimeta ba zai rasa ba, sai dai ya rasa wadda zai zaɓa, domin kowane iri akwai shi kusa.

Na farko shi ne yashin Kogin Binuwai, wanda tifofi ke kwasa idan ruwa ya janye da rani. Shi ya fi sauƙin samu, ga tsabta ga kyan gani, shi ya sa aka fi zuba shi. Amma yashi zalla ba ya riƙe rami. Damo na haƙawa yana ruftawa, har ya gaji ya bari. Ruwa na zuba ya wuce, rana na fitowa ya bushe ya ɗauki zafi kamar kaskon suya. Bugu da ƙari yakan manne wa abinci, damo ya haɗiye. Lafiyayyen damo mai isasshen ruwa a jiki yana fitar da ɗan abin da ya haɗiya, amma wanda ya riga ya bushe, yashin kan taru ya toshe masa hanji.

Na biyu ita ce baƙar lakar fadama, irin ta bakin Tafkin Gerio da kwarurukan da ke bin kogi har Numan, wadda Fulani ke kira karal, inda ake dasa masakwa bayan damina. Albarkarta ga manomi ita ce riƙe ruwa, to, wannan ɗin ne aibinta ga damo. Da damina takan kumbura ta zama taɓo, ruwa ya kwanta cikin rami, cikin dabba da tafin ƙafarta su yi ta jiƙa har su yi gyambo. Da rani kuma ta bushe ta tsattsage, ta yi tauri kamar dutse, farce ba ya kama ta.

Na uku shi ne jan burji ko marmara da ake cika hanya da harsashin gini da shi. Idan aka daddaɓe shi ya sha rana, ba shi da maraba da daɓe, tsakuwarsa kuma tana da kaifi.

Na huɗu ita ce ƙasar tudu, ta gonakin gyaɗa da dawa da wake. Tuddan da ke kewaye da Yola, irin su Bagale da ke ƙetaren kogi wajen Girei, na dutsen yashi ne wanda masana ke kira dutsen Bima, saboda haka ƙasar da ta samu daga gare su mai rairayi ce, da ɗan yumɓu da ruɓaɓɓen ganye a ciki. A irin wannan ƙasa damo ke zaune tun asali, kuma daga gare ta ya kamata mai kiwo ya fara.

ARHA BA TA ADO

Akwai kuma waɗansu abubuwa da ake zubawa don arha ko don sauƙin shara. Daɓen siminti shi ne kan gaba. Ana wanke shi da bokiti ɗaya, amma yana cinye farce, yana goge tafin ƙafa da ƙasan wutsiya, da tsakar rana kuwa yana ƙuna. Damon da ke kan siminti yakan wuni yana goga hanci a bango yana neman mafita har hancin ya sale.

Garin katako na masu yankan katako ba ya riƙe rami, ƙurarsa tana shiga hanci da ido, idan ya jiƙe ya yi funfuna, wani ma daga katakon da aka shafa wa maganin gara ya fito. Ɓuntun shinkafa, wanda ke jibge a bakin injinan casa, yana da kaifi, ruwa na zuwa ya taso da shi, idan ya jiƙe a tsibi kuma ya ɗauki zafi yana ruɓa. Ƙananan tsakuwa ana haɗiye su tare da abinci. Ƙasar bola ko da ta yi baƙi ta yi kyau, cike take da fasasshiyar kwalba da ƙusa da leda da tsofaffin batura. Ƙasar bakin gareji kuwa baƙin mai ya riga ya kashe ta.

Abin da ya fi duka haɗari shi ne wanda ido ba ya gani. Ƙasar gonar da ake fesa wa maganin ciyawa ko na ƙwari, ko wadda aka watsa wa takin zamani kwanan nan, ba ta dace ba, domin damo yana lasar ƙasa da harshensa dukan yini, yana kuma cin ƙwarin da ke cikinta. Haka nan kada a yayyafa fiya-fiya a shinge ko kusa da shi da sunan korar tururuwa. Abin da ya kashe tururuwa ba zai bar damo ba.

HAƊIN DA YA DACE

Ƙasar da ake nema ita ce mai halaye biyu: ta riƙe danshi har rami ya tsaya a cikinta, ta kuma bar ruwan sama ya wuce ba tare da ya kwanta ba. Ana samun haka idan aka haɗa kwanon sarki 6 na ƙasar tudu, da 3 na yashin kogi, da 1 na yumɓu ko laka da aka busar aka daka. A ɗebo ƙasar tudun daga saurar da ta huta shekara biyu ko fiye ba a yi mata feshi ba, daga ƙafa ɗaya ta sama, da izinin mai gona. A tace ta da rariyar magina, a baza ta a rana kwana biyu ko uku don a ga ko akwai gidan cinnaka ko kwarkwasa a ciki.

Wannan awo ba doka ba ce, domin ƙasar wani wuri ta fi ta wani rairayi. Hannu shi ne alƙali. A yayyafa wa haɗin ruwa, a damƙi cikin tafi a matse. Idan aka buɗe hannu ya wargaje, yashi ya yi yawa, a ƙara yumɓu. Idan ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsu, ko dunƙulen ya yi santsi yana manne wa hannu kamar na maginin tukunya, laka ta yi yawa, a ƙara yashi. Idan dunƙulen ya tsaya da shatar yatsu a jikinsa, amma da an danna shi da babban yatsa ya farfashe, to, an dace. Sa'an nan a tara haɗin a daddaɓe, a tura ƙotar fartanya a ciki a zare. Idan kafar ta tsaya ba ta rufta ba, ramin damo ma zai tsaya.

Mai son ƙarin tabbaci ya zuba ƙasar cikin kwalba mai haske zuwa sulusinta, ya cika da ruwa, ya girgiza sosai, ya ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa ta biyo baya cikin sa'o'i biyu, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu. Abin da ake so yashi ya kai rabi ko ya ɗara kaɗan, yumɓu kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar.

Zurfi shi ne abin da aka fi yi wa rowa. Inci 6 na ƙasa mai kyau ba zai yi amfanin komai ba, domin zafin rana yana ratsa shi duka. Mafi ƙanƙanta shi ne ƙafa 2, idan an sami 3 ya fi. Babban damo yakan kusan kai ƙafa 3 a tsawo, saboda haka shinge mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 8 bai yi masa yawa ba. Cika irin wannan shinge zuwa zurfin ƙafa 2 zai ci wajen baro 80, watau 48 na ƙasar tudu, 24 na yashi, 8 na yumɓu. Wanda ya ga wannan lissafi ya yi masa nauyi, gara ya sani tun bai karɓi dabbar ba.

A YI WA DAMO YOLDE

Sunan Yola kansa daga ƙasa ya samo asali. Sa'ad da Modibbo Adama ya kafa garin a 1841, ya zaɓi tudu ne mai kallon fadamar Binuwai, irin wanda Fulani ke kira yolde, inda ruwa ba ya kwanciya. Hikimar ba ta tsufa ba. Yola tana samun ruwan sama wajen inci 35 a shekara, ya fi ƙarfi wajen Agusta da Satumba, lokacin da kogi ma ke cika. Mutanen unguwannin da ke gangare ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba, sa'ad da ruwan sama ya haɗu da wanda aka sako daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru. Damon daji idan ruwa ya cika masa rami sai ya hau itace ko ya koma tudu. Na cikin shinge ba shi da inda za shi.

Saboda haka a gidan da ke kan tudu, kamar wajen Dougirei, ana iya haƙa ƙasa a nutsar da shingen. Amma a wurare masu kusa da ruwa, irin su Jambutu da Limawa da Rumde, kada a haƙa. A ɗaga ginin sama, a cika shi da ƙasa, yadda gindinta zai fi tsakar gida tudu. A kowane hali, a fara jera fasassun bulo ko duwatsun da suka fi kan damo girma, kaurin inci 6, don ruwa ya sami hanya. A shimfiɗa ragar ƙarfe mai kauri a kansu, a ɗaure ta da bango, domin damo gwanin haƙa ne, zai iya ɓullowa gidan maƙwabci. A bar kafar ruwa a ɓangaren da ya fi gangare, a toshe ta da raga don ɓera da maciji.

Sa'an nan a riƙa zuba haɗin inci 6 inci 6, ana yayyafa ruwa ana takawa da ƙafa. A gefe ɗaya a tara ƙasar ta yi tudu, ta ɗara sauran da ƙafa ɗaya ko fiye. Wannan shi ne yolden damo, can zai haƙa ɗakinsa. A kifa tsohon kasko ko rabin fasasshiyar randa a gindin tudun, a tona ɗan rami a ƙarƙashi don a nuna masa hanya. A yi wa tudun rumfa ta zana ko ta ciyawa, kada ta kwano, a baza busasshen ganyen mangwaro a kansa don ya tsare danshi ya kuma tara ƙwari. Ɗaya gefen, wanda ke samun hantsi, a bar shi a buɗe, a ajiye faffaɗan dutse na shan rana, amma a kafa shi a kan bulo tun daga ƙasa, kada damo ya haƙa ƙarƙashinsa ya danne shi. Bangon ya haura saman ƙasa da ƙafa 4, a shafe cikinsa sumul, a rufe sama da raga saboda shaho da karnuka da yara. A bar ƙasar ta kwanta mako biyu kafin a saki dabba a ciki.

RANI DA DAMINA

Da hunturu iskar Yola takan bushe ƙwarai, har leɓen mutum ya tsage. Watsa ruwa a saman ƙasa ba ya isa, domin kafin azahar ya tafi. Dabarar da ta fi ita ce a binne sabon tulu na ƙasa kusa da tudun, har wuya, a riƙa cika shi da ruwa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun a hankali, ya jiƙa ƙasar can ciki inda ramin yake, saman kuwa ya zauna a bushe. A rufe bakin da murfi mai nauyi, don sauro, don kuma kada a sami ƙadangaren bakin tulu na gaske. Mako-mako a tura hannu cikin ƙasa har gwiwar hannu, nesa da ramin. Idan an ji sanyi-sanyi kamar gindin randa, lafiya lau.

Idan damo ya shige rami da rani ya daina fitowa, kada a tone shi don a ga ko yana da rai. Al'adarsa ce. A dai bar masa ruwan sha a kasko kullum. Da damina kuma aikin ya juya: a daina cika tulu, a riƙa duba kafar ruwa, bayan kowane babban ruwa a tabbata bai kwanta fiye da sa'a ɗaya ko biyu ba.

Ƙasa idan ba ta dace ba, jikin damo zai faɗa ko da bakinsa bai faɗa ba. Idanu su faɗa ciki, tsohuwar fata ta ƙi saɓulewa a yatsu da ƙarshen wutsiya har ta shaƙe su, ya wuni kwance cikin kaskon ruwa, gaɓoɓi su kumbura: wannan bushewa ce. Jan tabo ko ƙuraje a ciki da tafin ƙafa kuwa alamar jiƙa ce. Ci ba tare da kashi ba, ga ciki a kumbure, alamar toshewa ce. Kowanne aka gani, a nemi likitan dabbobi, sa'an nan a gyara ƙasar, in ba haka ba maganin banza za a sha.

GUZA DA SAURAN DANGI

Abin da aka faɗa game da damo ba ya hawa kan kowane ƙadangare. Guza ɗan bakin ruwa ne, yakan kai ƙafa 6, ga faɗa ga bulala da wutsiya, macensa kuwa sau da yawa cikin suri take zuba ƙwai, gara ta liƙe wurin. Ban da ƙasa mai zurfi yana bukatar kududdufin da zai nutse a ciki, wanda za a riƙa sauya wa ruwa. Ba dabbar bayan gida ba ce. Kiski da matansa duwatsu da bango suka fi so, amma macen tana bukatar ɗan wuri mai rairayi da danshi a rana don ƙwai. Kulɓa cikin ruɓaɓɓen ganye take rayuwa. Hawainiya a kan reshe take wuni, duk da haka sai ta sauko ƙasa ta haƙa idan za ta yi ƙwai.

LAFIYAR MUTANEN GIDA

Kashin damo, kamar na kunkuru da sauran masu jan ciki, yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela, mai sa zawo da zazzaɓi, ba tare da dabbar ta nuna alamar ciwo ba. Ƙwayar tana iya yin watanni a cikin ƙasa. Ga babba lafiyayye ciwon kan wuce cikin kwanaki, amma ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ko tsoho, ko mai ciki, yana iya tsananta. Saboda haka kada a gina shinge kusa da rijiya ko madafa, kada kafar ruwansa ta fuskanci inda ake wanke-wanke. A kwashe kashin kullum da shebur na musamman tare da ƙasar da ke kewaye da shi, a wanke hannu da sabulu. Sau ɗaya a shekara, farkon damina bayan damo ya fito, a kwashe inci 4 na sama a zuba sabo. Tsohuwar ƙasar a kai ta gindin itace, kada a zuba ta a lambun latas ko tumatir da ake ci ɗanye.

DOKA DA AMANA

Damo da guza ba kaji ba ne da kowa zai kama ya tsare yadda ya ga dama. Yarjejeniyar duniya ta CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda ta fara aiki a 1975, ta haɗa da dukan dangin damo, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka amince da ita. A 1985 Gwamnatin Tarayya ta kafa Doka mai lamba 11 don kare dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, ta sanya damo da guza cikin jerin, aka kuma yi wa dokar gyara a 2016 aka ƙara nauyin tara. Saboda haka makaranta ko mutumin da ke son ajiye ɗaya, ya fara zuwa wurin jami'an gandun daji na jiha ya ji abin da aka yarda da shi.

Bayan dokar gwamnati akwai wadda ta fi ta. Sananne ne a cikin ingantattun hadisai labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wanda ya raba damo da dajinsa ya ɗauki nauyin dukan abin da dajin ke ba shi, kuma babban abin da dajin ke ba shi rami ne mai laima. Mai halin zuba baro 80 na ƙasa, da cika tulu da hunturu, da duba kafar ruwa cikin Agusta, ya yi da kyau. Wanda ba shi da hali kuwa, idan damon bai daɗe da kamawa ba kuma lafiyarsa ƙalau, ya shawarci jami'an gandun daji, ya ɗauke shi da farkon damina ya mai da shi saurar da aka kamo shi, ya sake shi kusa da suri ko gindin itace, nesa da hanyar karnuka. Can ƙasar da ta dace da shi take, ba sai an auna ta da kwanon sarki ba.